Lafiya uwar jiki: abin da ɗan kokowa ke koya ma manomi

Jama'a manoma da makiyaya, an yi girbi, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauko. Yanzu ne ganga ke tashi da maraice a bakin gari, samari su yi ɗamara su shiga fage. Daga Tsibiri har Jiratawa, duk garin da ya samu albarkar damana sai an ji kiɗin kokowa. Mutane na zuwa don su ga wa zai kada wa. Amma akwai abin da ya fi kaye amfani ga mai kallo, shi ne yadda ɗan kokowa ke riƙon jikinsa da zuciyarsa tun kafin ranar fage.

Kokowa ta daɗe a ƙasar Katsina da Gobir. Kakanni sun yi ta gari da gari bayan kaka. A shekara ta 1975, zamanin shugaba Saini Kunce, gwamnati ta tara ƴan kokowar ƙasa duka a Tawa. Wanda ya zama sarkin kokowa na farko ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda kowa ya sani da Kantu. Shi ya sa babban filin kokowa na birnin Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Bayansa jihar ta sake fitar da sarakunan fage, kamar Labo Maikafo da Umaru Bindigau. Yanzu kowace jiha cikin jihohi 8 tana aika mutum 10, su 80 ke nan. Wanda ya tsallake ba a kai shi ƙasa ba, shi ke ɗaukar takobi, a naɗa masa rawani, a ba shi doki da kuɗɗi. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas, ƙarshen shekara ta 2023.

Kwanakin fage ba su da yawa, kowa na ganinsu. Watannin shiri kuwa ba mai kallonsu. Ɗan kokowa na tashi da asuba ya yi gudu cikin rairayi. Yana kama abokansa kullum, a kada shi ya tashi, ya kada su tashi. Yana shan fura da nono, yana cin tuwo ya ƙoshi, yana kwana da wuri. Ba ɗan kokowa mai hankali da zai kwanta wata 6 a inuwa, ranar da ganga ta tashi ya miƙe ya ce zai kama Kantu. Duk garin dariya za su yi masa.

To, abin da ake yi ma dariya a fage, shi manoma da yawa ke yi a gona kowace shekara.

Fagen manomi damana ce

Daga watan Nuwamba zuwa Mayu, wanda bai tafi cin rani ba kuma ba shi da garka, aikinsa kaɗan ne. Da safe yana gindin bedi, da rana yana rumfa, da dare yana fada ana dafa shayi. Ko kasuwar Maraɗi zai je ran Litinin ko Juma'a, ba ya taka ƙafa. Tsibiri da Jiratawa duka kamar kilomita 10 da ƴan kai ne daga birni. Iyaye sun taka wannan hanya da kaya a ka. Yau kabu-kabu ke kai mutum har ƙofar rumfa, wani ma ko zuwa gidan suna bayan gari sai ya hau babur.

Rannan sai ruwa ya sauka. A kwana 2 ana son a gama shibka. Ba a jima ba ga noman farko, ga maimai, haki ba ya jiran kowa. Jikin da ya yi wata 6 a kwance, shi za a ce ya duƙa tun fitowar rana har azahar. A daidai lokacin nan ne kuma rumbu ke yin ƙasa, fura ta koma ruwa-ruwa. Aikin da ya fi kowane nauyi a shekara yana zuwa ne lokacin da abinci ya fi ƙaranci. Sai baya ya riƙe, kwankwaso ya ɗaure, hannu ya yi kanta ya fashe.

Nan ne mai tallan ƙwaya ke samun ciniki. Matasa da yawa, har da magidanta, sun koyi haɗiyar tramol kafin su shiga gona. Suna cewa yana sa ƙarfi. Ba ya sa ƙarfi ko kaɗan. Magani ne na ciwo mai tsanani, likita ke rubuta shi, aikinsa ya toshe jin zafi. Na asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake saidawa a kan tire akwai mai 200 har 225. Mai shansa yana noma bai jin gajiya, alhali gajiyar tana nan tana cin jikinsa, kamar jakin da aka ɗora ma kaya aka rufe ma mikin baya da akumari. Yana sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. In an saba, guda ba ta isa, sai 2, sai 3. Ranar da babu, sai zufa da ciwon gaɓɓai da rashin barci. Kuɗɗin da za a sayi nono da ƙuli-ƙuli su ke tafiya wurin mai tire. Wanda ya riga ya saba, kada kunya ta hana shi zuwa likita. Ana rage shi ne sannu-sannu, ba a yanke shi dare ɗaya.

Maganin wannan abu tun rani ake fara shi, kuma ba a sayensa. Aiki na nan ga mai so. Kai taki gona, gyaran darni, yaɓen rumbu, haƙa tassa ko rabin wata inda ƙasa ta yi fako. Ga sassaben zamani, wanda a nan ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa shi a shekarun 1980: a bar tohon itace 2 ko 3 masu ƙarfi a kan kututture, a sare sauran. Wanda ke zuwa gona da ƙafa sau 3 ko 4 a mako yana waɗannan ayyuka, ruwan farko zai iske shi da jiki a sake, gonar kuma a gyare. Ko ɗaukar buhu akwai dabara a wurin ɗan kokowa. Ba ya ɗaga abokin karawa da gadon baya. Yana lanƙwasa gwiwa, ya jawo shi jikinsa, ya tashi da cinya. Buhu mai kilo 100 kuwa na mutum 2 ne. Jarunta ba ta gyara ƙashin baya in ya goce.

Mutanen Jiratawa nasu ya bambanta. Tun farkon shekarun 1980 da aka gyara musu filin noman rani, hekta kamar 500, ba su san zaman rani ba. Ga zogala, wadda wasu ke ce ma tamaka, ga tumatir da albasa da alkama. Su ba a ce musu su motsa jiki. Abin tsoro gare su maganin ƙwari ne. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabuni kafin ya taɓa abinci, kuma galan ɗin magani ba ya komawa na ruwan sha ko an wanke shi sau 10. Wani abu kuma: kada zogala duka ta tafi kasuwa a bar tukunyar gida da kuka tsura.

Makiyayi ma tafiya ba ta yi masa kaɗan ba. Shi ƙishirwa ce abokiyar gabarsa. A watan Afirilu da Mayu zafi na wuce awo 40. Yana shayar da garke duka ya manta da kansa. In fitsari ya yi ja kuma ya yi kaɗan, jiki na neman ruwa ne.

Teɓa da tansiyo

A birnin Maraɗi kuma akwai waɗanda Allah ya buɗa ma. Alhaji na zaune a kanti tun safe har magariba. Daga gida mota, daga mota kujera. In teɓa ta fito sai a ce ya ji daɗi, ya yi jiki. Shekara 45 ko 50, rana ɗaya a ji ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu. Sai a fara zargin iska, ko jifa, ko abokin kasuwa. Sau da yawa hawan jini ne, wanda ake ce ma tansiyo. Ya daɗe a jikin, ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, shi ya sa ba a kula ba.

Ba ciwon masu kuɗɗi kaɗai ba ne. Siririn manomi ma yana kamuwa. Hanyar sani guda ce, awo. Likita na ɗaura wani ƙyalle a damtse, ba allura, ba jini, minti 2 an gama. In awo ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma aka sake wata rana aka samu hakanan, to akwai tansiyo. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a auna shi ko sau guda a shekara. Wanda aka ba magani, kada ya bari don ya ji sauƙi. Wanda kuma bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a kai shi asibiti nan take, kada a kwana ana turare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 a mako yana motsa jiki. Rabin awa ke nan, kwana 5. Tafiya ce da sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗan hau. Mai kanti zai iya zuwa kasuwa da ƙafa da sanyin safiya ya bar babur ma yaro. Girma ba ya zubewa don an taka ƙasa.

Hukumar ta ce kuma gishirin da mutum guda zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda. A nan sai a yi hankali, don dunƙulen miya na kanti shi ma yawancinsa gishiri ne. Uwargida ta sa gishiri, ta sa dunƙule 3, maigida kuma ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Daddawa na ba miya ɗanɗano ba tare da wannan ba. Sukari ma haka. A fada ana shan shayi na farko, na biyu, na uku, kowane da nasa sukari, wani har sau 3 a yini. Kantun da ya yi suna a Tawa ƙarfi ya nuna ma duniya. Kantun gishiri da na sukari in sun yi yawa, su ƙasa suke kai mutum.

Zancen motsa jiki ba a kai shi wurin macen karkara. Ita ta tashi tun duhu, ta yi daka, ta ja guga, ta ɗauko itace, ga goyo a baya, ga gamana tana jiranta. Abin da ta rasa hutu ne da abinci mai sa jini. In ana rabon nama ita ce ta ƙarshe. Maigidan da ke son lafiyar gidansa ya duba wannan. Amalanken da ke kai shi hira zai iya kawo ruwa da itace. Mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo, ta sha ƙwayar ƙarin jini da ake ba ta.

Kada kuma a ɗora ma kowane maras lafiya laifin ciwonsa. Mutanen Tsibiri sun san wannan fiye da kowa. Ruwan famfon da aka jawo ma garin a shekarun 1980 yana da wani sinadari da ake ce ma fuluwor, ya wuce kima. Ba ya wari, ba ya canza launi. Sai da aka shekara fiye da 10 ana sha kafin magana ta fito fili. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka rine, ƙafafunsu suka lanƙwashe. Iyayen nan ba lalaci suka yi ba, ba ƙazanta suka yi ba. Akwai lafiyar da ke hannun mutum, akwai wadda ke hannun hukuma, kuma jama'a na da ikon tambaya ko an auna ruwan da suke sha.

Zuciya ma tana son horo

A koma fage. Ɗan kokowa na shigowa da layu da guraye, mawaƙa na zuga shi, yana kirari har ƙasa na amsawa. Abokin karawarsa ma da nasa layun, da nasa kirarin. Duka 2 sun sha rubutu, amma guda zai faɗi. Masu kallon da suka daɗe sun san wanda ya shigo da tsoro tun daga tafiyarsa. Sun san kuma mai gaggawa, wanda fushi ke ja, shi ke miƙa ƙafa a kama.

Abin da ya fi kyau a kokowar ƙasar nan shi ne bayan kaye. Mutum ya faɗi gaban dubban jama'a, rediyo da talabijin sun kai labari har rugar da ta fi nisa. Ya tashi, ya kakkaɓe rairayi, ya rungumi wanda ya kada shi. Da dare ya zauna da mai horonsa su bi kokowar daki-daki. Ina aka kama shi? Wace ƙafa ya bari a gaba? Ya gaji ne, ko ya raina abokin? Wanda ya ce alƙali ne kawai, ko asiri aka yi masa, baɗi ma a wannan ƙafar za a kama shi.

Manomi da makiyayi suna shan kaye su ma. Tsofaffi ba su manta 1973 da 1974 ba. Ba su manta yunwar 1984 ba, wadda a nan ake ce ma El Buhari, ga fari ga iyakar Najeriya a rufe. Mai shanu 50 ya koma da sanda kaɗai. Ruwan sama ba a hannun kowa yake ba. Amma waɗanda suka saida wasu bisashe tun da sauran nama a jikinsu sun fi waɗanda suka jira har saniya ta kasa tashi. Son garke ya yi yawa a ido shi ya hana wasu saidawa.

Yawancin abin da ke hana magidanci barci ba ya wuce 2: hatsi da bashi. Yana kwance yana juyi, bai san ko rumbu zai kai ba. Tsoron abin da ba a ƙidaya ba ya fi abin kansa nauyi. Da safe ya tashi da fushi, ya sauke shi kan mata da yara, ko ya nufi mai tire.

Nan ne karatun yaƙi da jahilci ke biyan wahalarsa. Wanda ya iya rubuta lamba ya samu mai horo a aljihu. Ya nemi littafin rubutu, wanda ƴan lakkol ke ce ma kaye. Wannan kayen ba ya kai kowa ƙasa.

A ce gida na cin tiya 2 kullum. A wata tiya 60 ke nan. Buhu tiya 40 ne, wato buhu da rabi kowane wata. In abin da ke rumbu ya kai buhu 12, wata 8 zai yi. An fara ci a Nuwamba, zai ƙare ƙarshen Yuni, daidai lokacin da hauya ke neman mai ƙarfi. Sauran wata 3 kafin sabon hatsi, ana bukatar buhu 4 da rabi. Wanda ya gane haka tun Nuwamba yana da dabara. Hatsi na da araha yanzu. Zai iya saida akuya ko wake ya saya ya aje. Zai iya rage hidimar bukin da ya yi niyya. Zai iya tura yaro guda cin rani da sanin abin da ake nema. Wanda bai gane ba sai Yuli, zai sayi tiya da tsada, ko ya ci bashin da za a biya da ninki a kaka. Gibin buhu 4 da rabi yana nan a wurin su duka 2, amma guda na barci.

Bayan lissafin rumbu sai lissafin kai. Bayan lisha, kafin a kashe fitila, layi 2 ko 3 sun isa. Yau an je gona ko an wuni a fada? Dala nawa suka tafi a shayi da goro da taba? Da wa aka yi faɗa, kuma a kan mi? Mai rubutu ya faɗa ma takarda gaskiya, tun da ba mai karantawa sai shi. In wata ya cika ya buɗe ya duba. Wani zai ga kuɗɗin taba na wata 3 sun kai na ɗan akuya. Wani zai ga duk ranar da ya yi ma iyali tsawa, daren jiya bai yi barci ba. Wani zai ga bashin da yake gudun mai shi bai kai yadda yake ji a ƙirji ba, gara ya je su yi magana a tsaida rana.

Akwai damuwar da ta fi ƙarfin littafi. In mutum ya yi mako 2 ko fiye ba barci, ba cin abinci, ya bar shiga mutane, abin da yake so da duk ya fita ransa, to ciwo ne kamar sauran ciwo. Ba ragonci ba ne. Yana kama mai jego, yana kama wanda garkensa ya ƙare, yana kama saurayin da ya komo daga cin rani hannu wofi. Ƴan uwa kada su yi masa gori. A zauna da shi, a saurare shi, a raka shi likita. In har ya fara zancen ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai.

Shafin farko na littafin ba wuya. A sama a rubuta sunan wata. A ƙasa a rubuta buhu ko dami nawa ke rumbu, da bakin mutum nawa ke ci, da bashin da ake bin gida da wanda gida ke bi. A gefe a bar wuri don awon tansiyo da ranar da aka yi shi. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya kai littafin wurin malamin yaƙi da jahilci na garinsu a ja masa layuka, lambobin kuwa ya cika su da kansa.